Neman shawara: bishiyoyin tuja suna bushewa daga gindi

Assalamu alaikum. Shekara 2 ke nan da na dasa bishiyoyin tuja, wato Thuja occidentalis, a matsayin shinge, saboda ganyensu ba ya kaɗewa duk shekara. Yanzu uku sun fara bushewa daga gindi, ganyen yana marmashewa da zarar na murza shi. Ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, kuma da na tona gefen guda ɗaya na tarar saiwoyin sun yi baƙi suna wari. Na rage ban ruwa, amma abin bai tsaya ba. Ina tsoron datse su, tunda tuja ba ta sake toho daga tsohon reshe marar ganye. Don Allah, ruɓewar saiwa ce, kuma yaya zan ceto sauran?