Mujallun Baba sun fara funfuna, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Jidda nake zaune. Da Baba ya rasu, Allah ya ji ƙansa, ya bar mana akwatin ƙarfe cike da mujallar Al-Arabi ta Kuwaiti, wadda aka fara bugawa a 1958, da 'yan kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da alhazai ke kawo masa tsaraba daga gida. Duk Sallah Hajiyarmu kan fito da na watan azumi da na aikin Hajji, ta jera su a falo kusa da faranti na dabino, baƙi su yi ta buɗawa. Jikoki ma a nan suka fara ganin Hausar boko a takarda.

To bana da na buɗe akwatin, sai wari ya buge ni. Kun san danshin Jidda. Shafuka sun manne, ga ɗigo-ɗigon funfuna, ƙarfen da ya ɗinke tsakiya ya yi tsatsa ya ci takardar. Jaridun sun fi shan wuya, sun yi ja suna karyewa kamar busasshen ganye.

Laifina ne wani wajen: shekarun baya na lika salatif inda ya yage, yanzu wurin ya yi baƙi. Yayana ya ce a kai a rufe su da leda mai zafi, ni dai hankalina bai kwanta ba, don in an rufe ba a cirewa.

Yaya ake raba shafukan da suka manne ba tare da sun yage ba? Shanya su a rana zai kashe funfunar, ko ƙara lalata su zai yi? Kuma in cire ƙarafen ko in bar su? Hajiya ba ta sani ba tukuna.