Wai ta yaya kwamfuta ta san zafin da za a yi a shekarar 2100?

Mai_Shakka

Salam jama'a. Tambayata ga masu ilimin kimiyya ce. Kullum sai ka ji an ce masana sun yi hasashe da kwamfuta, duniya za ta ƙara zafi da digiri kaza kafin 2100. To amma hasashen ruwan sama na mako mai zuwa ma yau ya dace, gobe ya kuskure. Wanda bai iya faɗin abin da zai faru nan da mako guda ba, ta ina ya hango ƙarshen ƙarni? Sannan ita kwamfuta ai abin da ka ba ta shi take dawo maka da shi. Me zai hana a ce su ne suka cusa mata cewa iskar kabon ce ke ɗumama duniya, ita kuma ta maimaita musu? Ba gardama nake nema ba, fahimta nake so.

Tsohon Malamin Fiziks

Wa'alaikassalam ɗan'uwa. Bari in ɗauki ta farko.

Ka ɗora tukunyar ruwa a wuta. Ba wanda zai iya nuna maka inda kumfar farko za ta ɓullo, amma in na san yawan ruwan da ƙarfin wutar zan faɗa maka lokacin da zai tafasa. Hasashen ruwan Alhamis mai zuwa neman wurin kumfa ne, shi ya sa da ya doshi mako biyu yake lalacewa. Mai nazarin ɗumamar yanayi lissafinsa daban: zafi nawa ke shigowa daga rana, nawa ke fita sararin samaniya, nawa ya maƙale.

Ita manhajar kwamfutar da ke wannan lissafi ga yadda take aiki. Ana yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kamar kilomita 100, sannan a jera su hawa-hawa daga doron ƙasa zuwa can sama, haka ma daga saman teku zuwa ƙasansa. Kowane gida yana riƙe da lambobinsa: zafi, danshi, nauyin iska, gudunta da inda ta nufa. Sai kwamfuta ta lissafa abin da kowane gida zai miƙa wa maƙwabtansa cikin 'yan mintuna, bisa dokokin motsi da na zafi da muke koyarwa a aji. Ta gama, ta sake, ta sake, har ta cinye shekara ɗari. Ba a zana mata damina ko guguwa ba, daga lissafin suke fitowa da kansu, kuma ni wannan ne ya fi burge ni a cikin lamarin.

Lissafin ma ya girmi kwamfuta. A 1896 Svante Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, ya yi shi da alƙalami, ya ce in kabon ya ninka zafi zai ƙaru da digiri 5 zuwa 6. Ya ɗan zarce, amma hanyar da ya bi daidai ce.

Ɗalibar Lissafi

Malam ya gama da ta farko, ni ta biyun ce ta ja hankalina, don tambaya ce mai kyau. Abin da ake ba manhajar shi ne yadda iskar kabon ke tare zafin da ƙasa ke fitarwa, kuma wannan a ɗakin gwaji aka auna shi tun ƙarni na 19. Ana kuma ba ta yawan kabon ɗin: kafin zamanin masana'antu kimanin kashi 280 ne cikin miliyan, yanzu ya haura 420. Yawan ɗumamar da za ta biyo baya kuwa ba a ba ta, ita ke fitar da shi.

Akwai gwajin da ake yi. A kunna manhajar daga 1850 zuwa yau sau biyu. A karon farko a bar mata rana da duwatsu masu aman wuta kaɗai, a cire hannun ɗan'adam. Layin zafin sai ya yi ta 'yan hawa da sauka, ya ƙi tashi. A karo na biyu a mayar da hayaƙin kwal da man fetur da gas, sai layin ya bi sawun abin da na'urorin auna zafi suka rubuta, wato ƙarin kimanin digiri 1.1 da IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ambata a rahotonsa na 2021.

Na san za ka ce ai an riga an san tarihin, ana iya gyara manhajar ta dace da shi. To duba abin da ta faɗa tun kafin ya faru. A 1967 Syukuro Manabe da Richard Wetherald suka nuna cewa in kabon ne sanadi, iskar da ke kusa da ƙasa za ta ɗumama, amma ta can ƙololuwa, sama da inda gajimare ke tsayawa, sanyi za ta ƙara. Da rana ce ta ƙara ƙarfi, da sama da ƙasa duk sun ɗumama tare. Daga baya taurarin ɗan'adam suka auna, aka tarar saman sanyi yake yi. Aikin Manabe a wannan fanni ne ya ba shi kyautar Nobel a 2021. Haka kuma da dutsen Pinatubo na Filifins ya yi aman wuta a 1991, James Hansen da abokan aikinsa a NASA suka lissafa cewa hayaƙin da ya watsa zai sanyaya duniya da kusan rabin digiri na ɗan lokaci. A 1992 aka ga kusan hakan.

Mai_Shakka

Malama, wannan na sanyin sama ya shige ni, ban taɓa jin sa ba. Ke nan ba sa kuskure? To me ya sa wani ya ce digiri 2, wani ya ce 4?

Tsohon Malamin Fiziks

Suna yi mana. Babban ciwon kansu gajimare ne. Gida ɗaya kilomita 100, gajimare kuwa wani bai kai kilomita guda ba, don haka manhajar ba ta ganinsa, sai dai a ƙiyasta shi daga danshi da zafin gidan. Ga shi gajimare aiki biyu yake yi: na ƙasa-ƙasa mai kauri yana mayar da hasken rana, na can sama mai shara-shara yana riƙe zafi. Kowace cibiya da irin ƙiyasinta, shi ya sa amsoshin ke bambanta. Rahoton 2021 ya ce in kabon ya ninka, ƙarin zai fi yiwuwa tsakanin digiri 2.5 da 4, tsakiyarsa 3. Wasu sababbin manhajoji sun ba da sama da 5, masana da kansu suka ce sun cika zafi, aka rage musu nauyi. Kuskuren kuma ba gefe ɗaya yake ba, don ƙanƙarar tekun Arewacin duniya ta narke da sauri fiye da yadda tsofaffin manhajoji suka nuna. In ka tambaye ni, a kan zafin duniya baki ɗaya na yarda da su sosai, amma a kan ruwan saman da wani yanki zai samu sai in yi taka-tsantsan, don a nan sukan saɓa wa juna.

Sauran bambancin ba laifin kwamfuta ba ne. Ba ta san yawan man da mutane za su ƙona nan da shekara 50 ba, sai a ba ta hanyoyi da yawa: in an rage, in an ci gaba kamar yanzu, in an ƙara. Saboda haka in ka ga lamba a labarai, ka fara duba wace hanya aka ɗauka kafin ka kwatanta ta da wata.