Dan Allah masu harkar DJ, ya ake saita fad ya riƙa kunna kiyu da guɗa ba tare da latti ba?

ɗan_Bolari:

Assalamu alaikum jama'a. Ni dai yaro ne a harkar, shekara ɗaya da 'yan watanni ina bin maigidana wajen biki, ɗaukar sifika da jan waya, sai kwanan nan ya fara bar min laftof in taro biyu suka haɗe masa rana ɗaya. Manhajar VirtualDJ muke aiki da ita, maus da kibod kawai. To wani abokina ya dawo daga Kano ya sayar min da wani ɗan fad tokunbo mai maɓallan roba 16, ba faifai ba komai, wayar USB ce kawai. Na jona fitila ta kama, na yi ta lalube har na samu guda biyu suna aiki, sauran shiru.

Ranar Asabar muna wajen kamu a Tumfure, MC ya ce ga amarya nan, na danna guɗar da na ajiye amma sai da ta ɗan jima kafin ta fito, kuma da ta fito ta ƙi tsayawa, ayyururui ayyururui har sau huɗu, wlh ƙawayen amarya dariya suka dinga yi min, ni kuma gumi kawai nake. Abinda nake so shi ne takwas na sama su zama kiyu na waƙa, wato alamar wurin da waƙa za ta tashi in na danna, takwas na ƙasa su zama guɗa da tafi da jingul ɗin sunan maigida. Ya ake yi? Ko dai in sayar in tara kuɗin cikakkiyar kwantirola?

tsohon_hannu_Jekadafari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka sayar tukuna. Shi fad ba sauti a cikinsa ko kaɗan, saƙon MIDI kawai yake turawa, wato ya ce wa kwamfuta an danna maɓalli mai lamba kaza da ƙarfi kaza, ƙarfin kuma daga 0 zuwa 127 ake auna shi. Tun 1983 ake amfani da wannan tsarin, shi yasa ko tsohon kaya ka samu zai yi magana da sabuwar manhaja. Aikinka shi ne ka gaya wa VirtualDJ me kowace lamba za ta yi. Ka shiga saiti wajen mafin ɗin kwantirola, inda ake haɗa kowane maɓalli da aikinsa, ka zaɓi na'urarka, ka danna maɓalli ɗaya za ka ga lambarsa ta fito, sai ka rubuta masa umarni. Na farko deck 1 hot_cue 1, na biyu deck 1 hot_cue 2, haka. Na guɗa kuma sampler_play 1, sampler_play 2. Ka yi sebin kafin ka fita, ni na taɓa ɓata dare guda a banza saboda wannan.

Amma ina ba ka shawara kar ka ba dek ɗaya, wato gefe ɗaya da ake ɗora waƙa, duka takwas. Huɗu hagu huɗu dama, ya ishe ka. Ni kowace waƙar biki wuri huɗu nake sa mata kuma ban canzawa: na ɗaya inda kiɗa ya fara sosai, na biyu farkon amshi, na uku baitin da mata suka fi tashi a kai, na huɗu inda zan fita. Ka san waƙoƙinmu, mawaƙi sai ya yi minti ɗaya da rabi yana gaida furodusa da mai situdiyo da Alhaji wane da Hajiya wance kafin ya shiga waƙar, filin rawa kuma ba zai jira ka ba, mutum ya ciro kuɗin liƙi ya tsaya yana kallonka. Nan ne fad yake biyan kuɗinsa, ba a wajen ƙaho da ƙarar bindiga ba. In launi yana aiki a naka ka sa wa amshi ja a duk waƙoƙinka, wata rana ko ido a rufe hannunka zai je.

Guɗar da ta ƙi tsayawa kuwa, a matsayin luf, wato mai maimaita kanta, ka ajiye ta. Ka shiga editan samful ka maida ta irin wadda ke bugawa sau ɗaya ta mutu. In kuma naka yana da maɓallin Note Repeat irin na Akai MPD218, duba ko a kunne yake, shi ma yana sa haka. Abu na ƙarshe, VirtualDJ ta kyauta minti 10 take barin kwantirola ta yi aiki sai ta yanke, sai da lasin, gara ka sani tun a gida.

injiniya_Gwallameji:

Oga ya gama magana akan mafin, amma maganar latti bai taɓo ba. Malam ɗan Bolari da me kake kai sauti daga laftof zuwa miksa? In Bluetooth ne to ka daina zargin fad, shi kaɗai yana iya cin sama da milisakan 100, kunne kuma yana ji sarai. Waya za ka sa. Bayan nan ka duba bafa a saitin sauti, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, in tana kan 512 a 44,100 lissafin ya kama milisakan 11.6, in ka sauke ta 256 ya koma 5.8, amma kar ka zaƙe dan ƙaramin laftof zai fara ƙarar ƙas ƙas in ka matsa masa. A Windows direban sauti na ASIO ya fi, musamman in kana da katin sauti na waje. Kuma wani abu da mutane basa lura, sauti kansa tafiya yake, wajen mita 343 a daƙiƙa, to in sifika tana can ƙarshen rumfa mita 10 da kai, kusan milisakan 30 ne kafin ya dawo kunnenka. Ka ajiye ƙaramar sifika kusa da kai ko ka sa hedifon.

Ni a ganina dai in da hali ka tara ka sayi kwantirola, ko DDJ-FLX4 da ta fito 2022, maɓalli takwas kowane gefe, katin sauti a cikinta, manhajojin rekordbox da Serato DJ Lite duk suna karɓarta ba sai ka rubuta komai ba. Mafin da hannu wahala ce.

tsohon_hannu_Jekadafari:

Injiniya kai ɗan makaranta ne shi yasa kake raba kuɗin da ba naka ba. Yaron da ake ba na mashin bayan an tashi biki kake ce wa ya sayi sabuwar kwantirola? Ya fara cin moriyar abinda ke hannunsa. Amma maganar Bluetooth gaskiyarka ce, na manta.

Sai kwantaiz, wannan ku duka ku ji. In yana kunne, ka danna kiyu ba zai tafi nan take ba, sai ya daidaita da bugu na gaba, waƙa mai gudun bugu 120 a minti kuwa rabin daƙiƙa ne tsakanin bugu da bugu, ka ga mutum zai rantse na'ura ce ke latti. A waƙar da aka haɗa a situdiyo da fiyano yana da daɗi dan bugun baya motsi. Amma ka ɗauko tsohon kiɗan kalangu ko na ƙwarya da aka ɗauka kai tsaye, wanda iyaye mata ke tambaya in an zo nasu filin, makaɗi mutum ne, in waƙa ta yi zafi hannunsa ƙara gudu yake, sai kiɗan ya bar layin bugun da manhaja ta zana a baya tun kafin a kai rabi. Irin wannan kashe kwantaiz nake, in sa kiyu da kunnena daidai kan bugun, in danna da hannuna. Haka guɗa da tafi, ba ruwansu da jiran bugu.

Maman_biyu_Pantami:

Ni ba DJ bace, kwalliyar wajen biki nake yi, amma tunda kusan kowane sati ina cikinku bari in faɗa muku. Dan girman Allah ku rage ƙahon nan. Ana tsaka da yi wa amarya nasiha ko gwaggo ta karɓi makirufo tana addu'a sai ka ji fam fam faaam da DJ wane a kan na'ura, haba. Kuma guɗar inji in akwai tsohuwa mai guɗa a wajen ku bar mata abinta, tata ta fi daɗi kuma da ita ake mata liƙi. Ƙanena kai da kake koyo kar ka ɗauki wannan halin.

ɗan_Bolari:

Useko ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya ka canka, Bluetooth ne, wayar miksa ta tsinke tun watan jiya muka ci gaba a haka. Na sayo sabuwa yau lattin ya tafi. Oga na yi huɗu hagu huɗu dama kamar yadda ka ce, waƙa 23 na saita zuwa yanzu, guɗar ma ta daina maimaita kanta. Anti na ji, ƙahon na mayar da shi can maɓallin ƙarshe inda hannu baya kaiwa da wuri.

Saura abu ɗaya, a laftof ɗina na gida nake saita kiyu ɗin, ranar biki kuma da na maigida ake aiki. Na kwafi waƙa biyu a filash na gwada a nasa, ba kiyu ko ɗaya.

tsohon_hannu_Jekadafari:

Eh haka take. VirtualDJ ba cikin waƙar take ajiye kiyu ba, a wani fayil ne mai suna database.xml. Serato ce ke rubuta nata a jikin MP3 ɗin. A VirtualDJ kowane diski yana da nasa fayil ɗin, to ka zuba waƙoƙin a filash ko hadis na waje tukuna, ka saita kiyu suna can ciki, duk laftof ɗin da ka jona za su biyo ka. Mafin ɗin ma fayil ne daban a foldar Mappers, shi ma sai ka kwafa masa. Kuma hunturu ya kusa, ka samo tsumma ka riƙa rufe fad ɗin, ƙurar Gombe in ta shiga ƙarƙashin robar sai ka danna sau biyu kafin ya amsa. Ranar Juma'a ina da dina a Federal Low-cost, in ba ku da aiki ka zo da shi bayan la'asar kafin mutane su taru mu gwada a manyan sifiku.