Fanel shida, rana tsaka, amma wutar ba ta cika

Ɗan Pantami: Salamu alaikum. A masallacin unguwarmu nan Gombe an kafa fanel shida na sola masu wat 550 kowanne, jimla wat 3,300. Amma cikin wannan zafin na Afrilu, da azahar inbata, na'urar da ke juya wutar fanel zuwa irin ta gida, ba ta nuna sama da wat 2,300. Rana na ƙuna haka, ina sauran wutar? Ko jabu aka sayar mana?

Injiniyan Tudun Wada: Wa alaikumus salam Malam. Fanel haske yake ci, ba zafi ba. Hasken na dukan silikon ɗin da ke cikinsa, ya zaburar da ilaktiron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, su gudana, a samu wutar DC, irin ta batir, inbata ta mayar da ita AC, irin ta gida, mai bolt 230. Wat 550 ɗin nan an auna shi ne zafin fanel yana kan digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, ƙarfinsa na sauka da kusan kashi 0.35 cikin ɗari. A kan kwano da azahar yana iya kai digiri 65, wato an yi asarar kashi 14, kusan wat 460, tun ba a zo kan asarar da ƙura da waya ke jawowa ba. Ku duba ko an manna su da kwanon. A bar tazarar santimita 10 zuwa 15 iska ta riƙa ratsawa.

Mai Sola Jekadafari: Gaskiya ne Injiniya. Sai ƙura: shafa yatsa a gilashin, in ya bar layi, a wanke. Da asuba, da ruwa zalla da tsumma mai laushi, kada a watsa ruwan sanyi kan gilashi mai zafi. A lura da inuwar hasumiya ma, domin in an haɗa wayoyin fanel ɗin a jere, wannan cikin wancan, wanda inuwa ta taɓa yana jan sauran ƙasa.

Na Wunti: Kafin a zargi mai kaya, a duba batir. In ya cika, kwantirolar MPPT, na'urar da ke kula da cajin batir, da kanta take rage janyo wuta, sai dai abin da fankoki da lasifika ke ci. Ku kunna komai ku sake karantawa. In har yanzu ana shakka, a cire fanel ɗaya a auna da mita: ya kamata ya ba da bolt 44 zuwa 50 ba tare da an haɗa shi da komai ba. A taɓa mahaɗan MC4 kuma, wato inda wayoyin fanel ke haɗuwa, wanda ya yi zafi bai ɗauru ba, kuma yana iya jawo gobara.