Wuyan tsohuwar jitata ta bes ya lanƙwashe, ina mafita?

MaiBes: Salam 'yan uwa. Ina da Fender Precision ƙirar 1978, na gaje ta wajen kawuna, shekara da shekaru ina kaɗa ta a biki da situdiyo, amma duk hunturu sai wuyan ya lanƙwashe tsirkiya ta yi sama har yatsu su yi ciwo. In canza wuyan ne?

TsohonMakaɗi: Haba ƙanina, kar ka soma! Ka cire wuyan asali darajarta ta faɗi kenan. Bushewar iska ce ke jan katakon. Akwai ƙarfe a cikin wuyan, ka sassauta tsirkiya tukuna sannan ka ɗaure shi kwata ɗin zagaye kawai, ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara, in ya yi tauri ka tsaya kar ya karye.

ƊanSitudiyo: Gaskiyar yaya ne. Kuma ka riƙa sa ta cikin akwatinta, banda barinta a mota cikin rana.

MaiBes: Na gode yaya. Tsirkiyar fa, masu santsin nan ne a kai, sun tsufa sosai.

TsohonMakaɗi: Bar su, tsufan ne ke ba da wannan sautin mai kauri. Goge su kawai da ƙyalle bayan kiɗa.