Gwamnati ta ware kuɗin hanyoyi da gadoji: lokacin sayen katafila ya yi?

Dillalin injuna: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai inda na tsaya ke nan: duk ƙasar da ta ce za ta shimfiɗa hanyoyi da layin dogo da madatsun ruwa, wanda ya riga kowa sayen injin shi zai ci kasuwa. Ku dubi Sin. A Nuwamban 2008 gwamnati ta sanar da shirin yuan tiriliyan 4, zuwa 2011 injinan haƙa da ake sayarwa a shekara guda sun haura 170,000. A wannan guguwar kamfanonin ƙera injuna irin su Sany da XCMG suka bunƙasa. Yanzu ba a yin babbar hanya da diga da shebur kawai. Kowace kilomita sai katafila da gireda da rola da tifa.

Ma'aikaciyar banki: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ƙarasa labarin mana. Zuwa 2015 cinikin ya faɗi ƙasa da 60,000 a shekara. An riƙa ba mutane injin bashi da ɗan abin da suka ajiye, wasu ma ba su ajiye komai ba, da aiki ya ja baya suka kasa biya, aka yi ta karɓe injuna ana jibgewa a fili. Na hannu suka cika kasuwa, suka karya farashin sababbi da na haya gaba ɗaya. Masu ƙera injin sun farfaɗo daga baya. Mai injin ɗaya ko biyu da ya ci bashi a ƙarshen guguwar, shi aka bari da asara.

Dillalin injuna: Hajiya, wannan ai wanda ya makara ne. Shi ya sa na ce a riga kowa.

Injiniyan hanya: Alhaji, rigayen ma yana da nasa hatsarin, kuma shi ya fi damuna. Tsakanin ranar da aka karanta kasafin kuɗi da ranar da bokitin injin zai taɓa ƙasa akwai zane, auna ƙasa, biyan diyyar gonaki da gidaje, tallar kwangila, tantance 'yan kwangila, sannan kuɗin kafin alƙalami. A babban aiki shekara ɗaya zuwa biyu ba abin mamaki ba ne. Dokar gina hanyoyi da gadoji da sauran ababen more rayuwa ta Amurka ta Nuwamban 2021, mai dala tiriliyan 1.2, an rarraba kuɗinta ne a kan shekaru biyar, kuma mafi yawan na hanyoyi sai sun bi ta hannun jihohi kafin su zama kwangila. Injin da ka saya ranar sanarwa zai zauna yana cin kuɗin ruwa, batir na mutuwa, robobin silinda na bushewa.

Sannan ba lokaci guda ake buƙatar injinan ba. Da farko share daji da yanka da ciko: katafila, injin haƙa, tifa. Sai shimfiɗar ƙasa da tsakuwa: gireda, tankar ruwa, rola, ana zubawa hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 15 zuwa 20, a danne shi har ya kai kashi 95 cikin ɗari na gwajin dannewa ko sama, gwargwadon abin da takardar aiki ta ce. Injin shimfiɗa kwalta sai can ƙarshe. Wanda ya sayi na kwalta alhali aikin yana matakin ciko, zai daɗe yana jira.

Mai hayar injuna: Injiniya ya taɓo inda abin yake. Mu a wajenmu awa ake lissafi. Kuɗin bashi, inshora, albashin direba da mai gadi, da faɗuwar darajar injin, duk suna tafiya ko ya yi aiki ko bai yi ba. Raba su a kan awa 1,500 a shekara, ka sake raba su a kan awa 600, za ka ga kowace awa ta ninka tsada sau biyu da rabi. Ga damina da ke tsayar da aikin ƙasa, ga kuɗin babbar motar da za ta ɗauki injin daga wannan aiki zuwa wancan, wanda sau da yawa ba a sa shi a lissafin farko.

Kuma a daina kallon manyan injuna kawai. Injin haƙa mai tan 20, bokitinsa kusan kubik mita ɗaya, a ƙasa mai sauƙi da direba gwani yana iya loda kubik mita 100 a awa. Tifa mai ɗaukar kubik mita 12, idan zuwa da dawowa minti 40 ne, sai ka haɗa masa biyar ko shida kafin ya daina tsayuwa jiran mota. Ke nan injin ɗaya ya buɗe wa tifa shida kasuwa, ban da tankar ruwa da janareta da ƙaramar rola ta bakin kwalbati.

Dillalin injuna: To ai kun dawo kan maganata. Kasuwa akwai ta.

Ma'aikaciyar banki: Akwai ta, amma ta wa? Tambayar farko da muke yi kafin ba da bashin injin ita ce wa ke biyan kuɗin aikin. Layin dogon Mombasa zuwa Nairobi da aka buɗe a 2017, bankin Exim na Sin ne ya ba da kusan kashi 90 na kuɗin, kamfanin CRBC na Sin ya gina. A irin wannan tsari babban ɗan kwangila yakan zo da injinansa, sau da yawa da rangwamen kwastan, ɗan ƙasa kuma ya samu jigilar tsakuwa da ƙananan ayyuka. Kishiyarsa shirin hanyoyin karkara na Indiya da aka fara a Disamban 2000: dubban ƙananan kwangiloli a hannun ƙananan 'yan kwangila. Irin wannan aiki ne ya dace da injin nan mai taya, mai bokiti gaba da baya, wanda kamfanin JCB ya yi suna da shi a can, domin yana haƙa, yana lodi, yana tafiya da ƙafarsa daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ba girin-girin ba, ta yi mai. A duba yadda aka yanka kwangilar kafin a duba yawan kuɗin.

Tambaya ta biyu, kwana nawa ake ɗauka kafin a biya takardar aikin da aka kammala. Idan gwamnati ta riƙe kuɗin babban ɗan kwangila wata shida, mai hayar injin ne ƙarshen layi, banki kuwa duk wata yake jira.

Makaniken katafila: Ku ba ni dama in sa baki, don duk wannan lissafi a gareji yake ƙarewa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayo injin na hannu da aka ƙera don Turai ko Amurka, a kai shi inda man gas ke da sinadarin sulfa mai yawa. Waɗannan injinan an yi su ne don mai mai sulfa kashi 10 zuwa 15 cikin miliyan. Suna da matatar hayaƙi a salansa, da tankin ruwan AdBlue mai rage gubar hayaƙi. Mai mara kyau yana toshe matatar, kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi, ya koma tafiyar hawainiya. Nozul ɗinsu masu fesa mai kuma na aiki da matsi mai tsananin ƙarfi da kan kai bar 2,000, ɗigon ruwa ko ƙura a cikin mai ya isa ya cinye su. Dole a riƙa tsiyaye ruwan filtar mai kowace safiya, a bar mai ya kwanta a tanki kafin a zuba.

Mai sayen na hannu kada ya yarda da agogon awa kaɗai, ana canza shi. A auna sarƙa da rololinta da haƙoran da ke jan ta, domin a katafila ƙafa takan ci kusan rabin kuɗin gyara. A ɗora bokiti cike a sama, a kashe injin, a ga ko hannun zai riƙa sauka da kansa. A buɗe murfin baƙin mai injin na aiki a ga yawan hucin da ke fitowa. A ɗebi man haidirolik a kai gwaji, idan akwai garin ƙarfe a ciki famfo ya kusa tafiya.

Ni a ganina kasuwar da ba ta yankewa ita ce ta filta, tiyo, haƙoran bokiti, wuƙar gireda da ƙwararrun hannu. Baƙin mai duk awa 250 zuwa 500 ake juye shi, ko injin na ɗan ƙasa ne ko na baƙo.

Dillalin injuna: Oga makanike, na karɓi maganar man gas da ta sarƙa. Amma ban sauka daga kan tawa ba gaba ɗaya. Idan kowa ya jira sai an sa hannu a kwangila, odar sabon injin kan ɗauki watanni kafin ya iso, kuma ɗan kwangila ba zai jira ka ba, wanda injinsa ke ƙasa zai kira.

Injiniyan hanya: Wannan gaskiya ne Alhaji. Abin da zan ce, a sa ido kan ranar da aka buɗe takardun neman kwangila, a nemi jadawalin yawan aikin a ga kubik mita nawa ne na yanka da ciko, tan nawa ne na kwalta. Daga nan zuwa shiga fili akwai 'yan watannin da suka isa a yi oda. In kuma za a riga kowa ne dole, a sayi injin haƙa mai tan 20 ko mai bokiti gaba da baya, waɗanda in aikin gwamnati ya tsaya za su samu haƙar tushen gini ko lodi a wurin fasa dutse.

Mai hayar injuna: Kuma a rubuta a yarjejeniyar haya mafi ƙarancin awannin da za a biya a wata ko injin ya yi aiki ko bai yi ba, da wanda zai sayi mai, da wanda zai biya ɗauko injin da mayar da shi.