Wani ya yi barkwancin da nake rufe wasana da shi, ga zagayen ƙarshe saura kwana shida

Ɗan Autan Dandamali:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tun jiya ban runtsa ba.

Shekara biyu ke nan da wata uku ina barkwancin tsaye, irin wanda mutum zai hau dandamali daga shi sai makirufo. Ban shiga da niyya ba. A wurin aiki ake cewa ina da ban dariya, har wata abokiyar aikina ta rubuta sunana a daren da ake ba kowa damar hawa, ba tare da ta gaya mini ba. Ranar farko minti uku na yi, ba wanda ya ko murmusa sai mai kula da na'urar sauti, shi ma daga baya na gane wayarsa yake kallo. Sai da na yi wata huɗu ban koma ba. Mahaifiyata har gobe tana ganin shiririta ce, yayana kuwa yakan ce in na gama wasan yaran in neme shi. Na kawo wannan ne don ku san nauyin gasar nan a wurina, ita ce karon farko da zan samu abin nuna musu.

Gasar ta masu tasowa ce. Mu 24 muka fara, yanzu saura mu 6. Kowa minti 7 a zagayen ƙarshe, ana kunna fitila idan saura minti ɗaya, wanda ya zarce a rage masa maki. Rabin makin na alƙalai uku ne, rabin na tafin 'yan kallo.

Ga matsalar. Ina da barkwanci a kan mahaifina da saƙon murya na WhatsApp, yadda zai ci minti huɗu yana gyaran murya da tambayar lafiyar kowa, a ƙarshe ya ce "kira ni". Ina kwaikwayon muryarsa, har da inda yake mantawa bai saki maɓallin ba ya juya yana yi wa wani faɗa. Wata takwas da shi nake rufewa. A zagayen kusa da na ƙarshe na ƙi yin sa, na ɓoye shi don babbar rana. Sai ga wani ɗan takara ya hau ya yi nasa a kan kawunsa: saƙon murya, gyaran murya, har da maɓallin. Zauren kamar zai tsage. Shi ma ya tsallake. An jefa ƙuri'ar jerin hawa a zagayen ƙarshe, shi ne na biyu, ni na biyar.

In kai ƙara wurin masu shiryawa ne? In yi abina duk da haka? Ko in zauna in rubuta sabo?

Gimbiyar Makirufo:
Wa alaikumus salam. Abu biyu ba ka faɗa ba. Kana da bidiyon da ke nuna ranar da ka fara yin sa? Kuma shi wannan mutumin ya taɓa ganin ka kana yi?

Tsohon Hannu:
Ƙanena, na fi shekara goma sha biyar ina hawa dandamali, kuma zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba. Kada ka kai ƙara. Kwana shida kafin zagayen ƙarshe, masu shiryawa kansu na kan tikiti da sauti da wanda zai gabatar. Duk wanda ya zo musu da rigima, shi za su riƙe a rai, ko da gaskiya na bayansa.

Na biyu, saƙon muryar iyaye ba gonarka ba ce. Duk wanda ke da uba da waya ya san abin. Mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba sukan faɗa kan barkwanci iri ɗaya, don rayuwa ɗaya suke kallo. Dokar haƙƙin mallaka ma abin da take karewa shi ne tsarin kalmomin da ka rubuta, ba ta kare tunanin da ke ƙarƙashinsu. Shi ya sa mu a sana'ar nan tsakaninmu muke hukunci, kuma hukuncin yana da jinkiri. A 2007 ɗan barkwancin Amurka Joe Rogan ya tare abokin sana'arsa Carlos Mencia a kan dandamalin gidan barkwanci na Comedy Store da ke Los Anjalis, gaban jama'a, yana zarginsa da satar barkwancin mutane. Bidiyon ya zaga intanet. Ka san wanda aka fara hana shiga wurin? Rogan. Sunan Mencia ya ɓaci daga baya, amma wanda ya ɗaga murya shi ya fara shan wahala, kuma shi yana da suna da bidiyo. Kai me kake da shi?

Ajiye barkwancin. Ɗauko wanda ke bi masa a ƙarfi ka rufe da shi. Sabo kuwa kada ka soma, ba a fafe gora ranar tafiya. Barkwancin da bai sha gwaji sau goma gaban baƙin fuska ba, rubutu ne kawai a takarda.

Ɗan Autan Dandamali:
Na gode Yaya, amma ba batun saƙon murya nake magana ba. Maɓallin ne. Wannan ba kowa ke da shi ba, abu ne da ya faru a gidanmu. Kuma wanda ke bi masa a ƙarfi ai na riga na yi shi a zagayen da ya wuce, alƙalan nan uku sun ji shi. Gimbiya, akwai bidiyo, amma a wayar abokina yake, wayar kuma ta lalace.

Mai Tafi da Hannu Ɗaya:
Ni wallahi maganar rabin maki na tafi ce ta tsaya mini a wuya. Bara na shiga irin wannan gasar, na yi wata biyu ina gyara minti biyar, wani ya zo da 'yan'uwansa da 'yan ajinsu suka cika layi huɗu. Tun bai buɗe baki ba suke ihu. Mai gabatarwa ya ɗora hannu a kan kowa yana auna tafi da kunnensa, da kunnensa fa. Na zo na huɗu. Har yau ban ga mutumin ya sake hawa ko'ina ba. Ɗan Auta, manta da zancen sata, ka nemi mutane ka cika kujeru.

Gimbiyar Makirufo:
Yaya Tsohon Hannu, da girmanka, ban yarda ya ajiye ba. Shi ne na biyar, wancan na biyu. Ɗan Auta, in wancan ya maimaita, jama'a sun riga sun ji shimfiɗar, an rage maka aiki ke nan. Ka hau ka ce kawun wancan da mahaifinka makaranta ɗaya suka yi, sannan ka wuce inda shi bai kai ba. 'Yan kallo suna son a dawo musu da abin da suka yi wa dariya ɗazu, suna jin kamar da su aka ƙulla. Kuma kai ne ka san mahaifinka. Wa yake yi wa faɗan? Me yake cewa in ba ka kira ba? Da sabon gini gara yaɓe.

Ni ma na sha irin wannan ta wata fuskar. Na taɓa sauka daga dandamali wani alƙali ya tambaye ni wa ke rubuta mini. Maza biyar sun hau kafin ni, ko ɗaya bai tambaya ba.

Tsohon Hannu:
'Yar'uwa, abin da kike faɗa yana aiki a daren da ba gasa. A gasa akwai takarda gaban alƙali, kuma cikin abin da akan ba maki akwai sabunta, wato abu ya zama na mutum ne shi kaɗai. Wanda ya faɗa na biyu shi ne mai kwaikwayo a idon zaure, ko da shi ya haifi abin. Kuma kina so yaron da bai cika shekara uku a sana'ar ba ya ƙirƙiri magana nan take, fitila na jiransa, hannunsa na rawa? In bai samu dariya a daƙiƙa talatin na farko ba, sauran minti shida da rabi hawan dutse ne.

Ku dai kun ɗauki gasa da zafi. Gasar barkwanci ta San Faransisko da ke Amurka, an fara ta a 1976. A shekarar farkon Robin Williams na biyu ya zo. A 1985 Ellen DeGeneres ta zo ta biyu, Sinbad ya ci. Amy Schumer ta huɗu ta zo a gasar talabijin ta Last Comic Standing a 2007, kuma duk waɗannan da ba su ci ba sun shahara daga baya. Abin da ake nema a gasa shi ne wani mai shirya wasa da ke zaune a baya ya riƙe sunanka, ya kuma ji cewa kai ba mai fitina ba ne.

Ɗalibin Dariya:
Malam, a yi adalci. A wannan gasar ta San Faransisko Dana Carvey ne ya ci a 1977. A Edinbura ta Birtaniya akwai gasar So You Think You're Funny ta sababbin hannu tun 1988, Lee Mack ya ci a 1995, Peter Kay a 1997. Duk sun shahara, ba a ce cin ya cuce su ba. Zancen "ba ci ne muhimmi ba" bayan an faɗi ake yin sa.

Tsohon Hannu:
Ka taɓa hawa, ko karatun kawai kake yi?

Na Bayan Fage:
Ɗan Auta, ina jin na gane ka, kuma ba zan kama suna ba. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ba kai da shi ne kuke zama bayan wasa kuna gyara wa juna rubutu ba? Gimbiya ta tambaye ka ko ya taɓa ganin ka, ka tsallake.

Ɗan Autan Dandamali:
Ban tsallake ba, mantawa na yi. E, mun zauna kamar sau biyar ko shida a bara, kafin mu ɗan samu saɓani a kan wani abu dabam da ba sai na kawo nan ba. Kuma gaskiya ranar da na ba da labarin, shi ne ya ce "ka sa ya manta bai saki maɓallin ba". Amma ai ni na gaya masa mahaifina yakan yi hakan. Shi cewa kawai ya yi in saka a ciki. Kowa ya san in ka ba ɗan'uwanka ƙarin layi, kyauta ka ba shi, ba ka dawowa ka karɓe.

Gimbiyar Makirufo:
To ai da ka faɗi wannan tun farko. Ƙa'idar haka take, ƙarin layi na mai barkwancin ne. Amma a wurinsa yana iya ganin nasa ya ɗauka. Ka kira shi mana.

Ɗan Autan Dandamali:
Na tura masa saƙo shekaranjiya, ya karanta bai amsa ba. Ba zan kira ba, sai ya ga kamar roƙonsa nake.

Hajiya Mai Jadawali:
Ɗana, na taɓa shirya irin waɗannan gasa sau uku. Duk kuna ta gardama a kan abin da ba ku tabbatar ba. Wa ya ce zai maimaita? Wasu gasa suna hana a sake abin da aka yi a zagayen baya, wasu kuma suna so a kawo minti ɗin da aka tsallake da su. Me takardar dokokinku ta ce? In an hana maimaitawa, shi ba zai yi ba, kai ma ba ka da damar ɗauko barkwancin da ke bi masa a ƙarfi da ake ce maka. Kuma tambayar doka ba ƙara ba ce. Ka tambayi ɗaya daga cikin masu shiryawa a natse, ba tare da ka ambaci kowa ba. Ni da ina wurin, na fi son in ji tun yanzu da in ji ana cacar baki a bayan labule.

Ɗan Autan Dandamali:
Hajiya na gode. Takardar tana cikin saƙon da suka turo tun farkon gasar, zan duba. Amma ko bai maimaita ba, alƙalan sun riga sun ji nasa. Shi ya sa nake ganin sai sun san gaskiya.

Tsohon Hannu:
Wace gaskiyar? Wadda kai da bakinka ka ce shi ya kawo layin? Ƙanena, tun safe mutum shida suna ba ka shawara, kowa ka ce masa "amma". Ka riga ka yanke abin da za ka yi, shaida kake nema. Na faɗi tawa, Allah ya ba da sa'a.

Mai Tafi da Hannu Ɗaya:
Ku tambayar mana su ko da na'ura za a auna tafin, ko da kunne irin namu.

Ɗan Autan Dandamali:
Ban yanke komai ba Yaya. Gobe akwai wani ƙaramin wuri da zan hau, zan gwada yadda Gimbiya ta ce in gani, duk da ban ga dalilin da ni zan canza nawa ba alhali ni aka yi wa. Yanzu ma ya turo mini saƙon murya, minti uku da wani abu. Ban buɗe ba tukuna.

Gimbiyar Makirufo:
To, me ya ce?